Daminar da Allon Gadona Ya Zama Jita

Daminar bana ta zo da ruwa, gero ya yi baƙi ƙirin a gona har ya fara ɗaukar ciki, amma a kasuwar Gwaram kwanon hatsi ya fi ƙarfin talaka. Jiya da hantsi maƙwabciyata ta aiko mini da kwaɗon tafasa a ɗan kwano, wai in taɓa. Ina ɗaga murfin, warin nan nata mai ɗaci-ɗaci ya bugi hancina, sai hannuna ya tsaya. Yaran yanzu don marmari suke cin tafasa, da ƙuli-ƙuli da tumatir da ɗan mai a kai. Ni da gishiri kawai na ci ta, wata damina da ta haura shekara ashirin, shekarar farko ta aurena.

Ni 'yar Birnin Kudu ce, Dije ake ce mini. Mahaifiyata ta rasu ina goye, Gwaggo Tabawa, yayar babana, ita ta riƙe ni a gidanmu tun daga yaye har aure. Babana kafinta ne, mutum mai ƙarancin magana, ya fi sakin jiki da katako a kan mutane. Ni kuwa abin da na fi sani a duniya shi ne littafin soyayya. Akwai mai teburin hayar littattafai a bakin tasha, in na fita tallan ƙuli-ƙulin Gwaggo can nake yada zango. Na karanta samari masu dogayen motoci da ƙamshin turare, masu kawo wa budurwa sarƙar gwal a ɗan akwati, ina ta jiran nawa. Da ya tashi zuwa sai ya zo da warin dalma a rigarsa, domin gyaran rediyo yake koyo a shagon da ke jikin teburin. Sunansa Isyaku, mutumin Maruta ta ƙasar Gwaram, amma har yau Mai Rediyo nake ce masa kamar yadda kowa ke cewa. Ranar da ya fara tanka mini, tambayata ya yi ko saurayin cikin littafin ya iya gyaran rediyo. Na ce ba ya bukata, in ta lalace sabuwa yake saye. Ya ce to ai wannan ba saurayi ba ne, kwastoma ne.

Gwaggo ba ta so auren ba, ta ce ba ta raine ni don ƙauye ba. Amma da ta ga Baba ya amsa, sai ta ɗaura ɗamara ta yi mini kayan ɗaki na fita kunya, kwanukan jere da tasoshi da ta daɗe tana tarawa ɗaya bayan ɗaya da guminta. Gado kuwa Baba ne ya yi shi da hannunsa. Allon da ke wajen kai katakon maɗaci ne falle guda, mai kauri, ja kamar hanta, wanda ya jingine a rumfarsa yana bushewa tun ina firamare. Ranar jere matan Maruta suka yi ta shafa shi suna kallon fuskarsu a jiki.

Kakar da ta gabaci aurena ba ta yi kyau ba, ruwa ya ɗauke gero yana fidda kai. Tun bazara Inna, uwar mijina, ta koma auna hatsi da ƙaramin kwano. Zafin shekarar ko kaji sai da suka buɗe baki suna haki a gindin rumbu, ruwan randa kamar an ɗora shi a murhu. Hadari ya riƙa haɗuwa daga gabas, baƙi wuluk, ya yi ta rugugi, mu fito da bokitai da kwanuka, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu tsaye. Da ruwan shuka ya sauka, Mai Rediyo ya shiga gaba yana sara da sungumi, Inna tana binsa tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. Tsiro ya fito gwanin sha'awa, sai sama ta kulle. Rana ta ƙone shi ƙurmus. Aka sake shuka da geron da aka ware don ci.

Daga nan tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga baya ya koma kunu, kunun ma ya yi ta tsinkewa har kana ganin gindin ludayi. Inna kan fita da sassafe ta dawo da tafasa da yaɗiya a ƙwarya, mu dafa mu matse mu barbaɗa gishiri. Sana'ar Mai Rediyo ta tsaya cak, don mai jin yunwa ba ya gyara rediyo. Ranar kasuwa ya je Gwaram ya yini a gindin bishiya ya dawo da ƙura a ƙafa. Lungun ɗakinmu ya cika da matattun rediyoyi waɗanda masu su suka haƙura da su. Duk wannan kuwa ina ɗauke da cikin fari, har ya fara fitowa.

Akwai wani kaset da wani direban babbar mota mai zuwa Nijar ya bar masa. A jikin kwalin akwai hoton wani mai rawani yana rungume da jita irin mai haɗawa da lantarki. In Mai Rediyo ya shanya batura a rana suka ɗan farfaɗo, sai ya sa mana. Ban taɓa jin sauti irin wannan ba, kamar ƙarfe yana kuka da muryar mutum. Yakan zauna ya zuba wa hoton ido, ya ce ai ba wani sihiri ba ne, maganaɗisu ne da siririyar waya, kuma duk yana da su a cikin matattun rediyoyin nan. Abin da ya rasa katako ne busasshe mai nauyi, wanda ba zai murɗe ba in ya ji damina. Duk lokacin da ya faɗi haka sai ya kalli ƙofa, ko rufin ɗaki, ko ƙafarsa. Wajen gadon ne kawai ba ya kallo, da haka na gane.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na ce masa ya ciro allon. Ya yi dariya, da ya ga ban yi ba sai ya tsorata. Ya ce kayan mace ba na miji ba ne, namijin da ya taɓa kayan ɗakin matarsa ya zubar da girmansa har jikoki. Ya tuna mini cewa in cikina ya shiga wata bakwai Gwaggo za ta zo ta tafi da ni goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mace a haihuwar fari, kuma abin da za ta fara dubawa ɗakin nan ne. Wadda aka kai goyon ciki kuwa ba ta dawowa sai danginta sun ga dama sun maido ta. Duk na san wannan. Na tambaye shi kayan ɗakin nan na wane ne, ya ce nawa ne.

Na ce, “To mai kaya ta ce a yanka.”

An sha tambayata dalili. A littattafan da na karanta abin da aka saya ake ba mace, ban taɓa cin karo da wadda aka zauna aka ƙera wa abu ba, wannan ɗaya ke nan. Amma babban dalilin, yunwa ce ke mulkin gidan nan. Ita ke faɗa mana lokacin tashi da abin da za mu ci da maganar da za mu yi. Na so a ce akwai abu ɗaya a gidan da ba ita ta sa aka yi shi ba.

Aikin tsakanin Azahar da La'asar ake yinsa, bayan ya dawo daga noma, a ɗan rumfar bayan ɗakinmu. Ya zana siffar da gawayi yana kallon kwalin kaset, ya goge, ya sake, sai da na ce ƙugun ya yi. Lokacin da zarto ya fara cin katakon na ji shi har cikin haƙorana, amma ban kau da kai ba. Ya bi da gizago, ya bi da magagari, sannan ya fasa kwalba muka yi ta kankarewa, shi gefe ɗaya ni gefe ɗaya, har jikin ya yi sulɓi kamar kumatun jariri. Jajayen ɓawon da ke zuba ni ke share su in hura wutar kunu da su, hayaƙin maɗaci mai ɗaci ya yi ta sa ni hawaye. Wuyan jitar da tsohuwar taɓaryar Inna ya yi shi, ta ƙirya, wadda bakinta ya tsage. Ta ba shi ne a zaton ƙotar fartanya zai sassaƙa. Da ta leƙo rumfar ta ga abin da ake yi, ta kalli allon, ta kalle ni. Can ta ce tun da babu abin dakawa gara taɓarya ta nemi wata sana'ar, amma ita ba ta gani ba, ba ta ji ba, ranar da mutanen Birnin Kudu suka zo kada a kira sunanta.

Inda aikin ya so ya gagara shi ne wajen naɗin waya. Ya fasa lasifika ya ciro maganaɗisu, ya warware wata jar waya siririya kamar gashi daga cikin rediyo, wadda za a yi ta naɗawa a kan maganaɗisun har sai ya yi kauri, don ita ce za ta ɗauki rawar tsirkiya ta kai wa rediyo. Hannunsa ya yi kanta saboda fartanya, da ya ja sai ta tsinke. Ya ƙulla, ta tsinke. Rannan ya jefar da ita ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Ni kuwa Gwaggo ta koya mini kaɗi tun ina ƙarama, ta ce macen da ba ta iya zare ba ba ta iya haƙuri ba. Na ari mazarin Inna, na ɗaura maganaɗisun a kai, na shafa alli a yatsuna, na murza. Wayar ta bi hannuna lafiya lau kamar zaren auduga. Da hantsi nake yi a bakin ƙofa inda haske yake, kafin jiri ya fara ɗibata. Wani lokaci wayar takan zama biyu a idona, sai in jingina kaina da bango in jira ta koma ɗaya. Da na gama ya narka kakin zuma ya tsoma naɗin a ciki, ya ciro shi yana ƙamshi, har na ji kamar in gatsa.

Tsirkiya ya yi ta da silin wayar birkin babur, guda huɗu, don iyakar abin da faɗin taɓarya zai ɗauka ke nan. Sai matakai, 'yan ƙarafan nan da ake girkawa a wuya inda yatsa ke dannawa. Ya yanko su daga wayoyin ƙafar keke. A hoton hannun mai rawanin ya rufe rabin wuyan, don haka Mai Rediyo ya yi abin da kowane manomi zai yi: ya karyo ɗan kara, ya auna tazara daidai wa daida tun daga sama har ƙasa, yadda yake sara da sungumi, rami da rami taki ɗaya. Ya yi kyau a ido ƙwarai, layi ɗoɗar kamar gonar da aka yi wa gayya. Ya haɗa wuyan da jikin da manyan ƙusoshi, ya ɗaure tsirkiya, ya ciro wayoyi biyu daga cikin rediyonsa ya haɗa. Da ya kaɗa tsirkiya ɗaya ba tare da ya danna ba, sauti ya fito, muka kalli juna. Da ya fara dannawa yana sauka, sai abin ya rikice. Kowane mataki da inda ya nufa, babu biyun da suka san juna. Inna ta ɗago murya daga tsakar gida ta tambaya jakin wa ya shigo.

Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ya ce ya yanka mini gado a banza, ya ce da wane ido zai kalli Baba. Ruwa ya kece a ranar, muka zauna muna kallon yadda yake zuba daga bakin rumfa. Kwanaki jitar tana jingine, ba wanda ya taɓa ta.

Dutsen niƙa ne ya fitar da mu. An samo 'yar dawa a wajen ƙwadago, na durƙusa ina niƙa, ina 'yar waƙar da mata ke yi don aikin ya yi sauƙi. Ban san yana bayana ba. Sai na ji ya ce in maimaita. Ya ɗauko jitar, ya fizge matakan nan duka da filaya, ya ɗora ƙusa a kan tsirkiya yana zamar da ita a hankali. Ya ce in riƙe murya a wuri ɗaya kada in motsa. Na riƙe, yana ja yana kaɗawa, har sautin ya zo ya kwanta a cikin muryata kamar ruwa ya haɗu da ruwa. Ya ɗiga gawayi a wurin. Na hau gaba, ya biyo ni. Numfashina ba ya kai wa saboda ciki da yunwa, sai in tsaya in huta, mu sake. Da muka gama muka duba ɗigon gawayin, ga su nan ba kyan gani, na sama da faɗi, suna matsewa in an gangaro, wasu wuraren ma ba komai. Ya ce ashe ba gona ba ce, sannan ya mayar da matakan a kan ɗigon. Har yau jitar nan ba ta iya waƙar Turawa ba, ba ta ma iya ta cikin kaset ɗin ba. Inda muryata ta taka a wannan rana, nan kaɗai take takawa.

Adon jitar kuwa aikina ne. Na kwaɓa lallen da na rage tun na biki, na shafe jikin da shi, na rufe da ganye kamar ƙafar amarya. Da aka wanke, jan maɗacin ya ƙara nutsewa ya koma kamar garwashi. Sannan na ɗauko ɗan man kaɗen da nake shafa wa cikina, na yi ta murza mata da tsumma har ta fara ɗaukar ido. Inna ta ce man nan da miya ya shiga da an san an ci abinci. Gaskiya ta faɗa. Na ci gaba da murzawa.

Ranar da jitar ta yi magana sosai, bayan La'asar ne, an ɗauke ruwa, ƙasa tana ƙamshi, kwaɗi suna ta kuka a kududdufi. Mai Rediyo ya zauna a kan turmi ya kaɗa waƙar niƙan nan tawa. Sautin ya fito ta tsohuwar rediyo da 'yar ƙara-ƙara a ciki, ya tsallake danga ya bi ta kan gero. Na ji abin cikina ya juya. Inna tana tsinkar tafasa, ba ta ɗago ba, amma na ga babban yatsan ƙafarta yana motsi. A yinin nan kunu kawai muka sha, kuma ban taɓa jin na fi matan cikin littafi ba sai ranar.

Da aka aiko cewa Gwaggo tana tafe, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce in rataya zane a inda allon yake, in aka tambaya a ce an sayar an sayi hatsi. Ta ce a shekara irin wannan ba wanda zai ga laifi, gidaje nawa aka fitar da tasoshi. Mai Rediyo ya tura jitar can ƙarƙashin gado ya kare ta da buhu. Ni dai ban rataya zanen ba.

Gwaggo ta iso da ƙullin garin rogo da ƙuli-ƙuli. Da ta ga yadda wuyana ya zama sai idonta ya kawo ruwa, ta juya tana gyara mayafi. Ta shiga ɗaki tana bin kwanuka da ido, har ta zo kan gadon ta tsaya. Inna ta yi sauri daga bakin ƙofa ta ce ai ta ga dai yadda shekarar take. Gwaggo ta yi ajiyar zuciya ta zauna. Ta ce ba kanmu farau ba, ita ma ta taɓa fitar da tasoshinta a wata yunwa da aka yi tana amarya. Ta ce namijin da ya sayar da katako ya ciyar da mai ciki bai yi abin kunya ba, in Allah ya kawo kaka Baba zai yi wani. Shi ke nan, magana ta mutu. Abin da ya rage mini kawai in yi shiru.

Na durƙusa da ƙyar, na zura hannu ƙarƙashin gado na jawo ta.

“Ba a sayar ba, Gwaggo. Ga shi nan.”

Ta kalli abin, ta kalle ni. Ta tambaya mene ne, na ce jita ce.

“Da miya ake cinta, ko da nono?”

Ta sa aka kira Mai Rediyo, ya tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa. Ta ce ita manomi mai sana'a ta ba 'yarta, ba maroƙi ba. Ta ce yarinya tana cin ganye kamar akuya, shi yana zaune yana fere gadon ubanta yana yin abin wasa. Ya fara cewa laifinsa ne, na tari numfashinsa na ce ni na ce a yanka, ni na naɗa wayar, ni na shafa lallen. Gwaggo ta ce ai ga irinta nan, abin da littattafan banza suka koya mini ke nan. Ta ce a kwashe kayan ɗakin kaf, ko tsinke kada a bari, goyon ciki ne amma ba na dawowa ba.

Washegari aka kawo akori-kura aka loda. Da za mu shiga na fito rungume da jitar. Gwaggo ta ce in ajiye musu tsiyarsu. Na ce ita ta ce kayana kaf, wannan kuwa duk ya fi zama nawa. Haka muka ratsa Gwaram ana cin kasuwa, ina gaban mota, ciki a gaba jita a kan ciki, mutane suna miƙo wuya. Direba ya tambaya ko amarya ce ke kaɗawa, Gwaggo ta ce ya kalli hanya.

A Birnin Kudu Baba ya karɓi jitar. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayan da ɗan yatsa, ya kara kunne. Ya kama wuyan ya girgiza, ta yi ƙara, don damina ta sa ƙusoshin sun saki. Ya ɗauke ta ya shiga rumfarsa, na yi zaton rabuwarmu ke nan. Bayan 'yan kwanaki ya miƙo mini ita. Ya zare ƙusoshin, ya fafe gurbi a jikin, wuyan ya zauna daram kamar tare suka tsiro. Abin da ya ce kawai, maɗaci ba ya son ƙusa. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi maganar komawata. Ya ce wadda ta raine ni tun ina tsumma ita ke da ni, ba zai tsallake maganar yayarsa ba.

Na haihu ana yankan gero, mace. Ranar suna Mai Rediyo ya zo da ɗan akuyan da ya samu da ƙwadago, iyakarsa zaure. Da 'yan uwansa suka zo biko, Gwaggo ta ba su sharaɗi ɗaya: a sa jitar a ƙarƙashin tukunyar da ake dafa mini ruwan wankan jego, ta ga tokarta da idonta, sannan a yi maganar komawa. Inna ce ta kawo mini amsarsa. Ta zauna a bakin tabarmata tana jijjiga jaririyar, ta ce ya ce a ƙona, itace ne kawai, ni da 'yarsa yake so. Da a littafi ne, nan ne zan fashe da kuka saboda daɗin soyayya. Ni kuwa raina ne ya ɓaci. Na ce ta gaya masa ba a kyauta da kayan wani. Daga ranar, duk lokacin da za a kai ni wanka sai na fara kai jitar rumfar Baba na ja ƙyaure, shi kuma ya ci gaba da aikinsa kamar bai gani ba.

Aka yi arba'in. Ba wanda ya yi maganar gara, ba wanda ya yi maganar rakiya. Gwaggo tana ta ɗura mini kunun kanwa da gasasshen nama, tana yi wa jaririyar wasa, ta ɗauka zan gaji. Wata safiya na goya 'yata, na naɗe jitar a zane na ɗora a ka, na fito. Gwaggo tana zaune a zaure tana ɓarar gyaɗa. Tana ganina ta miƙe ƙafafunta ta tokare ƙofar da su, don ta san tarbiyyar da ta ba ni, ba zan tsallake ƙafar babba ba ko gidan yana ci da wuta.

“Ina zuwa?”

“Ɗakina, Gwaggo.”

“Ba gado, ba kwano, ba 'yan rakiya? Kamar wadda aka koro?”

Na ce akwai tabarma a can. Ta ce in na fita da abin nan ko cokali ba zai bi ni ba. Na rusuna da kaya a kaina, na gode mata da riƙon da ta yi mini, na ce ta yafe mini, amma ba zan ƙona ba, ba kuma zan zauna ba. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. Na miƙe na tsaya. Ba ta janye ba, ban tsallake ba, ban kuma koma ciki ba. Ƙarar zarton Baba ta tsaya, ta ci gaba. Rana ta shigo ta ƙofar ta hau ƙafafunta, wuyana ya ƙage, gumi yana bin bayana yana jiƙa goyo. Gyaɗar ta ƙare a faifai, ta koma tana juya ɓawo. Can jaririyar ta farka ta fara tsala kuka. Gwaggo ta daure, ta daure, sannan ta tattare ƙafafunta a hankali, fuskarta tana kallon bango.

“Ba don ke ba. Ki rufe mata kai, rana ta yi.”

Na shiga bas zuwa Gwaram, daga nan na hau babur. Ko'ina dammunan gero ne a jingine, dawa ta sunkuyar da kai, iska tana ƙamshin sabon hatsi. Na tarar da gidan ba kowa, Inna tana wajen sussuka, shi yana gona. Ɗakina wayam, sai tabarma da tarin matattun rediyoyi, da sawun ƙafafun gado a daɓe. Na kwance goyo na shimfiɗe ta. Baturansa suna kan katanga a rana inda ya saba shanya su. Na zuba su a rediyon, na haɗa wayoyin nan biyu yadda na sha ganin yana yi, na murɗa ƙarar har ƙarshe, na sa babban yatsa na kaɗa tsirkiyar farko da iyakar ƙarfina. Kaji suka watse. Na sake kaɗawa.

Ban daɗe ba na ji gudu ta bayan danga. Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, ƙaiƙayi a gashinsa, lauje a hannu. Ya kalli 'yarsa, ya kalli jitar, ya leƙa tsakar gida yana neman sauran mutane.

“Wa ya rako ki?”

“Ba kowa. Ajiye laujen ka zo ka ɗaure mini tsirkiya ta ukun nan, ta saki a mota.”